Wasiƙa daga Garwa a kan wata kalmar Ingilishi

Assalamu alaikum, Malam aminina,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali da ɗalibanka na Kano. Mu nan Garwa sai godiya. Zafin bazara ne dai ya sa mu gaba, da rana yakan haura digiri 40, ko iskar bakin Binuwai ba ta sanyaya jiki.

Wata magana ce ta fanninka na zo maka da ita. Ka san na daɗe ina kiwon kaji da zabi. Bana na sayi injin ƙyanƙyasa daga hannun wani ɗan kasuwa mai zuwa Yola, sai ga takardar bayaninsa duk da Ingilishi, mu kuwa da Faransanci muka yi boko. A doka dai Kamaru harsunan gwamnati biyu gare ta tun haɗewar yankin da Faransa ta mulka da wanda Ingila ta mulka a 1961, amma kai ma shaida ne, a nan arewa Fulatanci ne a kasuwa, Hausa a unguwa, Faransanci a ofis. Ingilishi kuwa a aji ake barinsa.

Kalma ɗaya ta tsaya mana a wuya, wato hatch. A wani layi an ce ƙwai zai yi hatch a kwana na 21, a ƙasa kuma an ce kada a buɗe hatch. Ɗan wana ya zuba rubutun a waya, ta juya masa shi zuwa Faransanci, ta sa kalmar murfi a duka wuraren biyu, magana ta fito ba kai ba gindi. Sai na ɗauki takardar na kai wa wani dattijo mutumin Bamenda, yankin masu jin Ingilishi, da ke koyarwa a sakandare a nan, ya zaunar da ni ya warware mini.

Ashe kalmomi uku ne suka haɗu a rubutu ɗaya, kowace da asalinta. Ta farko tun tsohon Ingilishi take, ma'anarta rabin ƙyaure ko 'yar ƙaramar ƙofa. Da ita suke kiran murfin da ake ɗagawa a sauka cikin jirgin ruwa, da tagar da ake miƙo abinci daga kicin, da ƙofar kumbon 'yan sama jannati. Ƙananan motocin nan da bayansu ke buɗewa sama, daga nan sunansu hatchback ya fito. Ya ce mini kada in ɗauka daidai take da door ko gate don kawai ƙamus ya jera su wuri ɗaya. Door a tsaye kake shiga, gate ta shinge ce ko ta katanga, ita kuwa wannan galibi sai ka sunkuya, ko ka zura hannu kawai.

Ta biyu ita ce ta ƙwai, an fara ganinta a rubuce wajen ƙarni na 13. Nan ne na fi jin daɗin bayanin, domin inda suka raba mu ma mun raba. Zaman da kaza ke yi a kan ƙwai, wanda muke ce wa kwanci, shi ne brood ko incubate a wurinsu. Hatch sai ranar da ɗan tsako ya fasa ɓawo, wato ƙyanƙyasa. Har ma sukan ari kalmar su ce an yi hatch ɗin makirci, inda mu za mu ce an ƙulla ko an kitsa. Ta uku daga Faransanci aka aro ta, ta shafi ja layi-layi kusa da juna a zane, wannan ba ruwan mai kaji da ita.

Kada ka ga kamar nishaɗin malamai ne kawai, Malam, dukiya ce a ciki. Abin da takardar ke nufi shi ne, daga kwana na 18 a daina juya ƙwai, a ƙara ruwa don laima ta ƙaru, a bar 'yar ƙofar injin a rufe har a gama. In ka buɗe, laimar ta fice, fatar nan ta cikin ɓawo ta bushe ta manne wa ɗan tsako, ya rasa yadda zai juya. Ta gilashi na tsaya ina kallon na farko: ya huda ɗan rami da tsinin bakinsa, ya huta, ya bi ɓawon yana tsagawa a zagaye, sannan ya tura ya fito jiƙe sharkaf. Hannuna har ƙaiƙayi yake in taimaka masa, amma na bar murfin yadda yake. Ƙwan zabi kuwa yakan kai kwana 26 zuwa 28, shi ya sa ban haɗa su zubi ɗaya ba.

Abin da ke damuna shi ne yaranmu sun ɗauka kowace kalma fassara ɗaya gare ta, waya ta faɗa, shi ke nan. Alhali ko Hausarmu, wanda ya san baki na cin tuwo kaɗai, ina zai gane bakin kogi ko bakin aiki? Don Allah ka riƙa sa ɗalibanka su karanta jimla har ƙarshe kafin su nemi ma'ana.

Sai roƙo ɗaya. In ka shiga kantin littattafai, ka duba mini ƙamusun Ingilishi zuwa Hausa na Roxana Ma Newman, wanda ya fito a 1990, ko da tsoho ne. Ka ba direbobin Yola, zan aika a karɓo, kuɗin kuma ka faɗa mini da naira in canza sefa in turo.

Ka gaida uwargida da yara. Inna tana gaishe ka, ta ce yaushe za ka leƙo mu?

Wassalam,
Naka, amininka na Garwa