Idan sikeli ya tsaya, a sake lissafi kafin a ƙara wa kai yunwa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon fili in yi magana da 'yan uwana masu fama da ƙiba, musamman waɗanda suka soma ragewa, abu yana ta tafiya lami lafiya, sai kwatsam sikeli ya tsaya cak.

Ni malamar firamare ce a nan Birnin Kebbi, shekarata 44. Bara likita ya ce jinina ya hau, ga gwiwa ta soma hana ni doguwar tsayuwa a aji. Da aka auna ni, kilo 92 ne, tsayina kuma santimita 160. Na daina lemon kwalba, na rage tuwon dare, na riƙa tattaki bayan sallar asuba tun rana ba ta buɗe ba, don wanda ya san zafin Kebbi ya san ba a wannan da hantsi. Cikin wata biyar na sauko kilo 83, har dangi suka fara tambaya ko lafiya nake da maigida, tunda a wurinmu ƙiba ce shaidar hutu. Daga nan sai shiru. Mako shida ina hawa sikeli, 83 ɗin nan ba ta motsa ba.

Abin da na yi a lokacin shi ne dalilin wannan wasiƙa. Na daina karin kumallo, na daina abincin rana, sai ruwan shayi har magariba. A rana ta huɗu jiri ya ɗebe ni a gaban allo, sai da na dafa tebur, yara suna ta "Malama, sannu." Da dare kuwa yunwa ta sa na ci ninkin abin da na saba. Wata abokiyar aiki ta kawo mini shayin rage tumbi da ta saya ta intanet. Kwana biyu na sha, ban samu komai ba sai gudawa. Ruwan jiki ne yake fita, kitse yana nan inda yake.

Allah ya taimake ni 'yar yayana, ma'aikaciyar jinya, ta zo mana hutun ƙarshen mako daga Jega. Ta ji labari, ta ɗauko biro da takarda, ta ce, "Gwaggo, jikin da yake ɗauke da kilo 92 ba shi ne wannan ba. Motar da aka rage wa kaya ba ta shan mai kamar da." Ta nuna mini wani lissafi da masana abinci a Amurka suka fitar a 1990, ana ce masa na Mifflin. Nauyinki a kilo sau 10, ki haɗa da tsayinki a santimita sau 6.25, ki cire shekarunki sau 5. Mace ta sake cire 161, namiji ya ƙara 5. Abin da ya fito shi ne kalori, wato ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki, da jiki zai ƙona a yini ko da kwance aka wuni. Nawa a da 1,539 ne, yanzu ya koma 1,449. Sai ta ninka da 1.4 saboda zirga-zirgar aji da ta gida da tattaki. A da ina ƙona kamar 2,150, yanzu kamar 2,030. Ni kuwa tun farko an tsara mini cin 1,650. Giɓin da ke sa a rame ke nan ya sauko daga 500 zuwa 380, alhali kilo ɗaya na kitse sai an yi giɓin kamar 7,700 kafin ya tafi. Ta ce lissafin kintace ne, jikin kowa da nasa hali, kuma saurin da ake gani a makonnin farko akwai ruwa a ciki.

Na ce to ai 380 ma wani abu ne, me ya sa na tsaya? Ba ta amsa ba sai da aka sauke shinkafa da wake. Ta ce in zuba man gyaɗa yadda na saba, amma a cikin kofi. Na tsiyaya daga kwalba. Ta ɗauko babban cokali ta auna a gabana: ɗaya, biyu, uku. Wallahi da rantsuwa zan yi cewa ɗaya nake sawa, don da ɗaya na fara. Hannu ne ya riƙa sakewa a hankali ban sani ba. Kowane cokali na mai, na gyaɗa ne ko manja, kalori ne kamar 120, domin giram ɗaya na mai yana da 9, na sitacin da ke cikin hatsi ko furotin da ke cikin nama kuwa 4 ne. Cokali biyun da suka ƙaru 240 ke nan. Ga soyayyar gyaɗa da muke ci a ɗakin malamai lokacin tara, wadda ban taɓa ƙirga ta a abinci ba: cikin tafin hannu ɗaya, giram 30, ya kai 170. Ta haɗa, 410. Giɓin 380 ya riga ya cike tun ban kai ga tuwon dare ba.

Gyaran da muka yi kaɗan ne. Muka sa 1,550 a yini. Mai ya koma cokali ɗaya, kuma da cokalin nake aunawa, ba da ido ba. Shinkafa ƙaramin kwano guda, wanda dafaffiyarta cikin kofi ke kai kalori 200. Na ƙara wake da ƙwai da kifi, tunda Allah ya hore mana shi daga Argungu da Yawuri, ga kwaɗon zogale da rama, su ne ke riƙe ciki har la'asar. Ta gargaɗe ni kada mace ta sauka ƙasa da 1,200, namiji 1,500, sai da sa idon likita. Mai ciki da mai shayarwa da mai shan maganin ciwon sukari kuwa, kada su taɓa wannan lissafi sai sun je asibiti. Hawa sikeli sau ɗaya a mako, da safe kafin a ci komai, domin gishiri da jinin al'ada suna riƙe ruwa su ɓoye ramar. Sai an yi mako uku ko huɗu ba canji, tef ɗin tela ma bai nuna ragi a ƙugu ba, sannan a ce an tsaya. Duk kilo biyar da ya tafi, a sake lissafin. Wata biyu ke nan, ina kilo 80 da rabi, ban ƙara jin jiri ba.

Ga roƙona, Edita. Duk jadawalin kalori da na gani a waya na abincin Turawa ne. Babu malmalar tuwon shinkafa, babu dunƙulen fura da ludayin nono, babu waina, babu ƙosai, babu ƙuli-ƙuli. Da yawanmu kuma a tire ɗaya muke ci, ba mai sanin nawa ya shiga cikinsa. Don Allah shafinku na lafiya ya nemo masana abinci daga jami'o'inmu, ga ta Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ga ta Aliero nan kusa da mu, su auna mana abincinmu da ludayi da cokali da gwangwanin madara, ku buga da Hausa. Ni dai in kun buga, zan yanke shafin in manna a bangon ɗakin malamai.

Wassalam.

Wata malamar firamare,
Badariya, Birnin Kebbi.