Kafin a yi wa kwamfuta fomat saboda imel, a tsaya a yi tambaya

Edita,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka tare da abokan aikinka, Allah ya ƙara basira.

Ni mai shagon buga takardu ne a Agege, nan Legas, ba nisa da gadar Pen Cinema. Shekara tara ke nan ina wannan sana'a: buga wasiƙa, sikanin takardu, cike fom a intanet, da tura imel ga mutanenmu da ba su saba da kwamfuta ba. Galibin masu zuwa wurina fataken shanu ne na Oko-Oba, da 'yan gwari na Mile 12, sai matasa masu neman aiki ko makaranta. Wata matsala ce ta hana ni sukuni har kwana uku a watan jiya, kuma na san ba ni kaɗai ta taɓa kamawa ba, shi ya sa na ga ya dace in rubuto.

Ranar wata Litinin wani Alhaji, tsohon kwastomana, ya kawo takardun ɗansa shafi 14 a tura su neman gurbin karatu, kuma ranar Alhamis za a rufe karɓa. Na yi sikanin, na buɗe manhajar imel da ke kan kwamfutar shagon, na rubuta saƙo, na danna alamar kilif ɗin nan da ake maƙala fayil da ita. Sai manhajar ta ɓace bat. Ba gargaɗi, ba komai. Na sake buɗewa, na sake dannawa, ta sake rufewa. Saƙo yana shigowa, saƙon da ba fayil a jikinsa yana fita lafiya, amma da na taɓa kilif ɗin nan shi ke nan. Alhaji yana zaune a benci yana jan carbi, bai ce uffan ba, ni kuwa gumi ya jiƙa mini riga.

Washegari na ɗauki kwamfutar na hau danfo zuwa Ikeja. Mai gyaran da na kai wa ya kunna, ya danna sau biyu, ya ce, "Oga, bairos ne, sai fomat." Wato a goge duk abin da ke cikin kwamfutar a sake ɗora mata Windows. Ya yanka mini naira 15,000. Edita, da ba a taɓa sara ta ba da na miƙa kuɗin nan take. Shekara biyu da suka wuce na yarda an yi wa wata kwamfutar tawa fomat a kan ƙaramar matsala, ban kwashe komai ba, na yi asarar takardun mutane na shekara huɗu. A ciki har da takardun gidan wata baiwar Allah da mijinta ya rasu, waɗanda ta ba ni amana in adana mata kwafi. Har yau idan muka haɗu a hanya nauyinta nake ji. Don haka na rungumo kayata na komo Agege.

Da dare na kira 'yar ƙanwata da ke karatun kwamfuta a Yaba. Tambayar da ta fara yi mini ita ce ta buɗe mini ido. Ta ce, "Kawu, yaushe take rufewa? Da ka danna kilif, ko bayan ka zaɓi fayil, ko sai ka danna turawa?" Ni a wurina duk ɗaya ne, ta rufe ta rufe. Ta ce a'a, cuta uku ce daban-daban, kowacce da inda ake nemanta. Tawa tun kafin tagar zaɓen fayil ta gama bayyana take faɗuwa.

Sai ta sa ni gwaji mai sauƙi. Na rubuta kalma biyu a wani ɗan fayil, na ajiye a fuskar kwamfuta, na kama shi da linzami na jawo shi na saki a cikin saƙon, ba tare da na taɓa kilif ba. Ya maƙale lafiya lau, ya tafi. Ta ce, "To ka gani, Kawu, manhajarka ba ta kasa ɗaukar kaya ba. Ƙofar da take buɗewa don ka zaɓo kayan, a nan ƙayar take." Da wannan dabarar ta jawowa na tura takardun ɗan Alhaji ranar Laraba da hantsi, tun ma ba mu gano asalin ciwon ba. Wannan kaɗai da na san shi ranar Litinin da ban ɓata wa dattijo kwana biyu ba.

Daga nan muka bi abin ɗaya bayan ɗaya. Manyan manhajojin imel suna da hanyar da ake kunna su tsurarsu, ba tare da ƙananan kayan da aka ɗora musu daga baya ba. A Outlook ana danne maɓallin Ctrl yayin buɗewa, a Thunderbird kuma Shift. Idan matsalar ta ɓace a wannan yanayi, to ɗaya daga cikin ƙarin kayan ne mai laifi, sai a riƙa kashe su ɗaya-ɗaya har a kama shi. Na gwada a tawa, ta sake rufewa. Muka tsayar da sashen antibairos mai binciken saƙonni na minti biyar, na gwada, na mayar da shi. Ba shi ba ne.

Abin da ya fi burge ni shi ne ashe kwamfuta tana rubuta tarihin duk faɗuwar da ta yi. A Windows akwai wuri da ake kira Event Viewer, kamar kundin rajista na asibiti. A ɓangaren manhajoji, duk lokacin da wata ta rufe da kanta za ka ga jan layi mai lamba 1000, a ƙarƙashinsa an rubuta sunan manhajar da ta faɗi, da kuma sunan ɗan guntun fayil ɗin da ya kayar da ita. Na karanta mata sunan harafi-harafi a waya. Ba na manhajar imel ba ne ko kaɗan. Na wata manhajar kyauta ce ta buɗe takardun PDF, wadda yaron shagona ya sauko da ita daga intanet a makon da ya gabata bai faɗa mini ba.

Ga yadda ta bayyana mini, kuma na gamsu. Tagar nan da ke buɗewa don zaɓen fayil ba mallakin manhajar imel ba ce, aro take yi daga Windows. Wasu manhajoji kuma idan an saka su sukan cusa ɗan hannunsu a cikin wannan taga, don su nuna ƙaramin hoton takarda ko su ƙara wani zaɓi. Tagar takan buɗe ne a foldar da ka yi aiki da ita a ƙarshe. A tawa foldar akwai wani PDF da aka ɗauke wuta ana tsakar kwafe shi daga filashi, ya tsaya rabi. Duk lokacin da tagar ta buɗe, baƙuwar manhajar sai ta kai hannu ga gurgun fayil ɗin, ta yi tuntuɓe, ta jawo mai masaukinta su faɗi tare. Na cire manhajar, na share fayil ɗin, na kashe kwamfuta na kunna. Minti goma bai cika ba kilif ya dawo aiki. Ko sisi ban kashe ba sai katin waya.

Akwai wata matsalar da mutane ke haɗawa da wannan alhali daban take, wato girman fayil. Gmail ba ya ɗaukar abin da ya haura megabayit 25 a saƙo guda, idan ya wuce sai ya mayar da shi mahaɗar Google Drive. Wasu ma'aikatu ma iyakarsu ba ta kai haka ba. Sannan fayil yakan kumbura da wajen kashi ɗaya bisa uku idan aka naɗe shi cikin imel, saboda yadda ake juya shi zuwa haruffa kafin ya bi hanya, kowane bayit 3 ya koma 4. Mu masu shago mu ke jawo wannan da kanmu, mu saita sikana a ɗigo 600 a kowane inci mai launi don takardar da 200 baƙi da fari ta wadatar. Tsohuwar kwamfuta tokumbo mai ƙaramar ƙwaƙwalwa kuwa tana iya sandarewa a kan irin wannan ƙaton fayil har mutum ya zaci ta mutu.

Wutar Legas ma tana da nata rabon. Manhajar imel irin Outlook tana tara saƙonni ne a wani babban fayil guda, kuma idan wuta ta ɗauke tana tsakar rubutu a cikinsa yakan samu rauni. Masu Outlook suna da ɗan abin gyara da ke zuwa tare da ita mai suna scanpst. Ni dai na haƙura na sayi sabon batir na UPS, na'urar da ke riƙe kwamfuta idan an ɗauke wuta, wanda na daɗe ina ja wa rai. Wanda kuma har yanzu yake kan Windows 7 ya sani tun Janairun 2020 aka daina aiko masa da gyara, Windows 10 ma wa'adin tallafinsa na yau da kullum ya cika a 14 ga Oktoba, 2025.

Ba ina zargin masu gyara baki ɗaya ba ne. Akwai ƙwararru na gaske a Ikeja, cikinsu har da yaranmu 'yan Arewa da nake alfahari da su. Sau da yawa mu ne muke tsaya musu a ka muna cewa yau-yau muke so, su kuma fomat ya fi musu sauri a kan bin sawu. Amma ƙone rumbu saboda ɓera ɗaya ɓarna ce, kuma hatsin da ke cikin rumbun sau tari ba na mai shagon ba ne, na marayu ne da matafiya da ɗalibai. Ina roƙon duk mai gyaran da zai karanta wannan, don Allah kafin ya goge ya tambayi mai kaya ko ya kwashe takardunsa, ya kuma buɗe kundin nan ya duba lamba 1000 ko da sau ɗaya.

Roƙona gare ka, Edita, ka ware mana ɗan fili ko da sau biyu a wata, inda masani zai riƙa amsa irin waɗannan tambayoyi da Hausa. Duk bayanin da 'yar ƙanwata ta yi mini a rubuce yake da Turanci, amma da yawanmu da ke cin abinci da kwamfuta a Agege da Idi-Araba da Alaba Rago mun fi gane magana da harshenmu. Idan aka buɗe filin, ni zan fara aiko da tambaya, don firintata ta soma jan takarda bibbiyu tun shigowar damina.

Wassalam.

Naka mai karatu,
daga Agege, Legas.