Wasiƙa daga Garwa zuwa Njamena

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kai da iyali kuna lafiya. Ya mai jiki? Allah ya ba ƙanwarka lafiya, ya sa kaffara ce.

Ka ce likita ya kira ciwon sclérose en plaques, dangi kuma sun rabu, masu cewa iska ce da masu cewa sammu. Ban ga laifinsu ba. Yarinya tana zaman lafiya, ido ɗaya ya dushe, ƙafa ta mutu, bayan 'yan makonni ta miƙe garau, can kuma abin ya dawo. Amma ciwo ne sananne. Tun 1868 wani likitan Faransa, Jean-Martin Charcot, ya fayyace shi a asibitin Salpêtrière na Paris. Garkuwar jiki ce take juyowa tana cin rufin jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka, kamar wayar lantarkin da ɓera ya cinye robarta, sai saƙo ya kasa wucewa. Ya fi kama mata, musamman daga shekara 20 zuwa 40.

Mutumin da nake so ka riƙe sunansa shi ne Stephen Hauser, likitan jijiyoyi a Jami'ar Kalifoniya da ke San Francisco. Shekaru da yawa galibin masana sun ɗora laifin a kan ƙwayoyin garkuwa da ake kira T. Shi kuwa ya nace sai an duba 'yan uwansu, ƙwayoyin B. Shi da abokan aikinsa suka gwada rituximab, maganin da aka saba bai wa masu wani nau'in kansar jini, wanda aikinsa share ƙwayoyin B ne. Sakamakon ya fito a 2008. Mutum 104 kawai aka sa a gwajin, amma tabon ciwo masu ruruwa da ake gani a hoton ƙwaƙwalwa sun ragu da kusan kashi 90 cikin 100. Daga nan aka samar da sabon magani mai irin wannan aikin, ocrelizumab, wanda Amurka ta amince da shi a 2017, ana ƙara shi ta jijiya duk bayan wata 6. A 2025 aka ba Hauser kyautar Breakthrough tare da Alberto Ascherio na Jami'ar Harvard, wanda ya bi bayanan sojojin Amurka sama da miliyan 10 ya nuna haɗarin ciwon yana ninkawa sau 32 bayan kamuwa da ƙwayar cutar Epstein-Barr. Kada wannan ya tayar maka da hankali, kusan kowane baligi yana ɗauke da ita, kaɗan ne ƙwarai take kaiwa nan.

A ganina, ga talaka irinmu, gwajin 2008 ya fi sabon maganin amfani. Ocrelizumab tsadarsa ba ta mu ba ce. Rituximab kuwa tsoho ne, kamfanoni da dama suna yin sa, ƙasar Suwidin ma da shi take yi wa marasa lafiyarta da yawa magani, kuma a 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin muhimman magunguna saboda wannan ciwon. Ba ya gyara abin da ya riga ya lalace, hana sabuwar ɓarna yake yi, shi ya sa jinkiri ba alheri ba ne.

To ka tambayi likitanta ko ya dace da ita. Kafin a fara, lallai a yi mata gwajin ciwon hanta nau'in B da na tarin fuka, domin maganin yana iya tayar da cutar da ta kwanta, ka kuwa san yadda ciwon hanta ya yi yawa a yankinmu. Hoton ƙwaƙwalwa na IRM ɗin da aka ɗauka ku adana shi sosai, da shi za a gwada na gaba.

Sai batun zafi. Ɗumin jiki yana tsananta alamun na ɗan lokaci, ba wai ciwon ya ƙaru ba ne. Da bazarar Njamena ta kama, ta guji rana da zaman gindin murhu, ta yawaita wanka da ruwan randa. Addu'a da tofi kam a ci gaba, Hajiya ma hankalinta zai fi kwanciya, amma kada a bar asibiti.

Ka gaishe min da Hajiya da maiɗakinka da yara. Idan kun yanke shawarar kai ta Yawunde, ku yada zango a gidana, ɗaki yana nan.

Wassalam,
Naka amini, daga Garwa.