Rahoton Ayyukan Shekara na Ƙungiyar Ɗaliban Hulɗar Ƙasa da Ƙasa, Rikici da Tsaro

Malamanmu, yayyenmu da suka kammala karatu, da 'yan uwa mambobi, assalamu alaikum.

Kwamitin gudanarwa ya ɗora mini nauyin gabatar muku da abin da muka yi a wannan shekarar karatu. Zan fi daɗewa a kan shekarar sanin makamar aiki, domin can ƙarfinmu ya tafi, can kuma muka fi yin tuntuɓe. Sauran zan taɓa su a gurguje.

Zaman karatunmu na mako-mako ya ɗore a zango biyun, sai makonnin jarrabawa da muka ɗaga shi. Mun fara da Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda aka sa wa hannu a San Faransisko ranar 26 ga Yunin 1945. Abin da ya ba mu kunya shi ne, da yawa daga cikin masu ambaton Babi na Bakwai na yarjejeniyar, wanda ya ba Kwamitin Sulhu ikon ɗaukar mataki idan zaman lafiya na cikin haɗari, a muhawara ba su taɓa buɗe shi ba, har da wasu 'yan ajin ƙarshe. Sai muka zauna muka karanta shi sashe-sashe, har zuwa sashe na 51 da ya ba ƙasa 'yancin kare kanta, muka haɗa da sashe na 2 da ya hana ta kai wa wata hari. Zaman da ya fi zafi shi ne na Libiya. Ƙudurin Kwamitin Sulhu mai lamba 1973 na shekarar 2011, wanda ya ba da izinin amfani da ƙarfi don kare fararen hula a can, ya wuce da ƙuri'u 10, ƙasashe 5 suka ƙaurace, cikinsu har da Rasha da Sin. Wasunmu suka ce alkawarin da shugabannin duniya suka ɗauka ne a 2005 na kare fararen hula, bayan kisan kiyashin da aka yi a Ruwanda a 1994 da garin Sirebirenika na Bosniya a 1995. Wasu suka ce izinin kare mutane aka bayar, aka ɓige da kifar da gwamnati. Mun tashi ba mu daidaita ba, kuma ni ban ga laifin hakan ba.

Mun kuma yi kwaikwayon zaman Kwamitin Sulhu: kujeru 15, ƙuri'a 9 kafin ƙuduri ya wuce, ƙasashe 5 masu ikon hawa kujerar na-ƙi. Daftarin tsagaita wuta da aka kwana biyu ana rubutawa ya faɗi a kan kalma ɗaya, ko a ce Kwamitin "yana buƙatar" ko "yana kira ga" ɓangarorin su ajiye makamai. Waɗanda suka riƙe kujerun ƙananan ƙasashe su suka fi ƙaruwa, don sun gane cewa kafin a shiga zaure an riga an gama ciniki a baranda.

Yanzu ga babban batun. A tsarin kwas ɗinmu, ɗalibi kan fita bayan aji biyu, ya yi shekara guda yana aiki a wata ma'aikata, sannan ya dawo ya ƙarasa. Bana mutanenmu sun je ƙungiyoyin agaji, cibiyoyin bincike, ɗakunan labarai, kwamitocin majalisar dokoki, da kamfanonin da ke auna haɗarin tsaro ga 'yan kasuwa. Da suka dawo muka shirya musu zama da ƙannensu, muka roƙe su su faɗi gaskiya ba tare da ado ba. Bakinsu ya zo ɗaya a kan abu guda: babu wanda ya tambaye su ra'ayin masana a kan dalilin yaƙi. Abin da aka miƙa musu shi ne rahoto mai kauri, aka ce a mayar da shi shafi ɗaya kafin a tashi aiki, domin shugaban da zai karanta ba shi da fiye da minti biyar. Mu da aka horar a kan dogon rubutu mai gabatarwa da shimfiɗa, nan muka gane gajeren rubutu ya fi wuya.

Kalmomi ma sun zame musu tarko. Wata 'yar uwarmu ta rubuta "yaƙi" a takardar bayani, mai duba aikinta ya dawo mata da ita, ya ce da wane ma'auni? Masu tattara alƙaluman rikici na Jami'ar Uppsala a Suwidin sukan lissafa rikicin makamai ne idan an rasa rayuka 25 a fagen faɗa cikin shekara, ba sa kiransa yaƙi sai ya kai 1,000. Wani kuma ya kira mutanen wani sansani 'yan gudun hijira, alhali ba su tsallake iyakar ƙasarsu ba. A ƙarƙashin Yarjejeniyar 1951 kan 'yan gudun hijira, ɗan gudun hijira shi ne wanda ya bar ƙasarsa saboda tsoron tsanantawa. Wanda rikici ya raba da muhallinsa amma yana cikin gida, gwamnatinsa ce ke da alhakinsa. A jarrabawa wannan maki biyu ne za a rage maka. A wurin aiki kuwa, kalmar ce ke nuna wa zai ciyar da mutanen, wa zai ba su kariya. Haka nan sashe na 3 da Yarjejeniyoyin Janiba huɗu na 1949 kan dokokin yaƙi suka yi tarayya a kansa, wanda ya shafi rikicin cikin gida: masu aikin agaji kullum yana bakinsu, mu kuwa sau ɗaya muka gifta ta kansa a aji.

Sai riƙon amana. Tarurruka da yawa a wannan fanni ana yin su ne bisa ƙa'idar Chatham House, wadda ta samo asali tun 1927: kana iya amfani da abin da ka ji, amma ba ka faɗin wanda ya faɗa ko inda yake aiki. Ɗaya daga cikinmu, cikin murnar samun shiga irin wannan taro, ya ɗauki hoto ya sa a shafinsa na sada zumunta, fuskokin mahalarta a fili. Da ƙyar malaminmu mai kula da masu fita ya roƙa aka bar shi ya ƙarasa shekararsa. Shi da kansa ya nemi a sa labarin a wannan rahoto don na baya su ji, kuma muna gode masa. Laifin ma ba nasa ba ne shi kaɗai, mu ne muka tura shi ba mu gaya masa ba.

Akwai abin da ba mu taɓa hasashensa ba. Waɗanda aikinsu ya zama tantance hotuna da bidiyon hare-hare, ko rubuta bayanan waɗanda aka ci zarafinsu, wasu barci ya ƙaurace musu, suka yi shiru don kada a ce ba su da juriya. Da labari ya iso mana a tsakiyar shekara, muka fara ganawa da su ta intanet sau ɗaya a wata, muka haɗa masu buƙata da ofishin ba da shawara na jami'a. Da tun farko muka yi, da ya fi.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, don haka ga inda muka gaza. Mun makara wajen shirya 'yan aji biyu. Bitar rubuta wasiƙar neman gurbi da takardar tarihin karatu ta zo ne bayan wurare da dama sun rufe karɓa, ga shi tantancewar tsaro a wasu ma'aikatu kan ɗauki watanni. Wasu sun rasa gurbi saboda jinkirinmu kawai. Abin da ya fi damuna shi ne gurabun da ba a biyan ko alawus. Mafi suna daga cikinsu suna manyan birane masu tsadar haya, wanda iyayensa ke da hali shi ke iya karɓa. Mun ga hazikai sun ajiye takardar gayyata sun koma neman abin da ke kusa. In aka bar abin haka, masu zama teburin sulhu gobe za su kasance waɗanda ba su taɓa sanin rashi ba, ana tattauna makomar waɗanda suka rasa komai. Ɗan tallafin da yayyenmu suka haɗa ya rufe kuɗin tafiyar wasu kaɗan, Allah ya saka musu da alheri, amma bai kai ko'ina ba.

Ajin Faransanci da muka buɗe, ganin cewa shi da Ingilishi ne harsunan aiki a sakatariyar Majalisar Ɗinkin Duniya, ya cika a makon farko, ya watse kafin wata biyu. Laccar da aka yi mana a kan ƙuduri mai lamba 1325 na shekarar 2000, game da mata da zaman lafiya, ta samu jama'a, sai dai maza sun yi ƙaranci a zauren, abin da bai kamata ba. Batun kuɗi kuwa, ma'aji zai karanta cikakken lissafi. Abin da zan ce kawai, masu bashin kuɗin ƙungiya sun san kansu.

Kwamiti na ba da shawarar abubuwa uku ga waɗanda za su gaje mu. A fara bitar neman gurbi tun makon farko na aji biyu. A mayar da zama ɗaya a kowane wata na rubutun shafi ɗaya, wanda ya dawo daga aiki ya riƙa dubawa da jan biro. Kuma kada kowa ya fita sai ya zauna da wanda ya riga shi, an yi masa bayanin sirri, hotuna, da wanda zai kira idan abin ya yi masa nauyi. Batun asusun tallafi na dindindin mun bar shi ga babban taro, domin yana buƙatar gyaran tsarin mulkin ƙungiya.

Za a yi zaɓen sabon kwamiti a zaman farko na zango mai zuwa. Mai sha'awar tsayawa ya miƙa sunansa ga kwamitin zaɓe kafin a tafi hutu. Takardun miƙa mulki, da jerin ma'aikatun da suka karɓi ɗalibanmu da abin da kowacce ke nema, suna hannuna ga mai son dubawa.

Sakataren Ƙungiya,
a madadin Kwamitin Gudanarwa