Zuwa ga Abba, kan maganar usur ɗin nan

Assalamu alaikum Abba, ya iyali, ya jikin ƙaramin. Na kira ka sau uku jiya ba ka ɗaga ba kuma na san dalili, shi ya sa na karɓi wayar ƙanwarka na ce zan rubuta da kaina ko zai kai ni tsakar dare.

Kawunku ne ya shigo ranar Juma'a yana ta yi min murna wai an saka sunanka cikin alƙalan da za su busa wasannin lig na ƙasa, shi ya ɗauka na sani. Na ce masa eh mana, na kawo masa ruwa, sai da ya fita na shige ɗaki na zauna bakin gado don ƙafata ta ƙi ɗaukata. A bakin wani zan ji, Abba? Lokacin yajin aikin ASUU, ƙungiyar malaman jami'a, na 2022 da kuka yi wata takwas a gida, da ka ce kana busa wa yaran unguwa wasa don rage zaman banza, shiru na yi maka, na ce da an koma aji zai wuce. Ashe har da gwajin gudu kake zuwa a ɓoye.

Na san abin da za ka ce, ai Malam ma ya yi. Eh mahaifinku ya yi alƙalancin wasa, amma ni na zauna da shi, kai hotuna ka gani a falo. Tun da Raccah Rovers suka ci lig a 1978 ƙwallo ta shiga ransa, Litinin zuwa Juma'a yana jami'a yana koyar da ilimin halayyar yara wajen karatu, Asabar ya sa baƙaƙen kaya da gajeren wando ya fita, mutum da gemunsa da dakta a gaban sunansa, har surukaina suna tambayata ko lafiya. Shi kuma a wajensa duk abu ɗaya ne. Ya zauna ya yi ta min labarin Skinner, wani masanin halayya, da ɓerayensa da tantabaru, wai hukunci in za a yi a yi shi nan take kuma a yi wa kowa iri ɗaya, in ba haka ba yaro ba ya koyon komai sai tsoro, kuma wai ɗan wasa yaro ne mai gashin baki. Labarin da ya fi so shi ne na Ken Aston, Baturen Ingila, malamin makaranta ne shi ma, wanda ya kalli danja a titi ya samo dabarar kati mai ruwan ɗorawa da jan kati, aka fara amfani da su a gasar cin kofin duniya ta 1970 a Meziko. Sau nawa na ji wannan labarin ina tuƙa tuwo, Allah kaɗai Ya sani.

Toh amma duk iliminsa a kan yaro ɗaya ne a gaban malami. Babu littafin da ya hana mutum dubu goma tsallako wayar shingen fili. Kana shekara huɗu a lokacin, ya ba da fenariti saura minti biyu a tashi, a kan masu gida, kuma kowa daga baya ya ce gaskiyarsa ce. Sai ƙarfe biyun dare aka kawo min shi a bayan wata akori-kura, rigar ta manne da bayansa saboda jini ya bushe, sai da na jiƙa ta da ruwan ɗumi na bi ta da almakashi, yana ce min kar in tashe ku. Kunnensa na hagu bai sake ji ba har ya koma ga Allah. Kun ɗauka ɗabi'arsa ce juyo muku da gefen dama in kuna magana ko? Kuma ranar Litinin da bandeji a ka ya tafi aji, ban taɓa jin haushin mutum kamar ranar ba.

Tunda an zo nan bari in faɗa maka, usur ɗin da ya yi ta nema har ya daki yayanka a kai, ni na ɗauke. Yana ƙasan kwallata ta kayan ɗaki har yau. Ban yi nadama ba, sai dai dukan da yaron ya sha, shi ma na roƙe shi gafara. Ku biyar ne a gabana, wa zai riƙe min ku?

Kawunku yana ce min yanzu an gyara, ana cin ƙungiya tara, ana cire musu maki, ana hana 'yan kallo shiga. Na ce masa a cire musu maki ɗari, kunne fa? Kuma kai ko digirin digirgir ɗin ba ka ƙarasa ba, matarka ta ce min babi na uku ya fi shekara a kan tebur, ɗalibanka na jiran sakamako kai kana can kana auna satar gida. Malam sai da ya gama nasa tukuna, a nan ma ba ka bi shi ba. Wlh wani lokacin taurin kanka har mamaki yake ba ni, sai in tuna inda ka ɗauko shi.

Ba zan ce ban yafe ba, Allah Ya kiyaye bakina ya yi maka haka. Na ga yadda yaran layinmu ke tsayawa cak in ka ɗaga hannu ba tare da ka yi tsawa ba, irin nasa sak, kuma na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. In dai sai ka yi, kar ka karɓi ko ruwan leda daga hannun jami'in ƙungiya, ka san ƙofar fita tun kafin a take wasa, kuma da ka busa tashi ka kira ni kafin ka cire takalmi, ba saƙo ba, muryarka nake so in ji.

Ka gaishe min da matarka, ka ce mata kukar da ta aiko ta iso. Ka zo ranar Asabar mu yi magana, in ba ka da wasa.

Mahaifiyarka