Zuwa ga aminina a Liyon, kan zancen hagu da dama

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, kai da karatu. Mu nan Garwa sai godiya. Inna na gaishe ka, ta ce ka riƙa cin abinci.

Wasiƙarka ta iso. Ka ce wani malaminku ya nuna muku cewa masu ra'ayin riƙau, waɗanda can kuke kira 'yan dama, tsoro ne a jininsu, 'yan hagu masu neman sauyi kuma su ne masu buɗaɗɗiyar zuciya. Har ka ce da wannan ka gane yadda Marine Le Pen, 'yar takarar 'yan dama, ta samu sama da kashi 41 cikin 100 a zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasar Faransa na 2022. Malam, ka yi saurin yanke hukunci. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, amma bai kai yadda ka ɗauke shi ba.

A 2003 John Jost da abokan aikinsa sun tattara bincike daga rukunoni 88 na mutane a ƙasashe 12. Sun ga masu ra'ayin riƙau sun fi son tsari da tabbas, ba sa son a bar al'amari a dunƙule ba a san inda ya dosa ba. Wasu masana halayyar ɗan Adam kuma sun sha ganin cewa masu neman sauyi sun fi sha'awar baƙon abu, baƙon abinci, baƙuwar ƙasa, su kuwa na dama sun fi kiyaye ƙa'ida da kammala aiki. Har binciken tagwaye ya nuna gado na da ɗan hannu a ciki. Sai dai tazarar ƙarama ce. In aka tara mutum dubu za a gan ta, in aka tsayar maka da mutum ɗaya ba za ka iya faɗin wanda zai jefa wa ƙuri'a daga halinsa ba.

Zancen tsoron nan na san inda ya samo ƙarfi. A 2008 an ɗauki mutum 46 a jihar Nebraska ta Amurka, aka nuna musu hotuna masu tayar da hankali, har da gizo-gizo a kan fuskar mutum, ana auna gumin fatarsu. Aka ce masu ra'ayin riƙau sun fi razana. Jaridu suka ɗauka, labari ya zaga duniya. A 2020 wasu masana suka fitar da sakamakon maimaita gwajin a Amurka da Holan, da mutane masu yawa ninkin-ba-ninkin na farko, ba su ga wannan bambanci ba. Labarin na biyu bai yi tafiyar da na farko ya yi ba, don ba shi da daɗin ji ga wanda dama yana neman hujjar raina abokin hamayya.

Ni na fi samun abin kamawa a aikin Jonathan Haidt. Shi ya ce mutane na auna daidai da ba daidai ba da ma'auni kamar biyar: tausayi, adalci, riƙon amanar dangi da ƙasa, girmama na gaba, da kiyaye tsarki. 'Yan hagu sun fi dogara da biyun farko, 'yan dama kuwa duka biyar suke aiki da su. Ka ɗauki saurayin da ya shiga fadar lamiɗo da takalmi a ƙafa. Wani zai tambaye ka, wa ya cuta? Wani kuma zai ji kamar an mare shi, ko da ba shi da alaƙa da fadar. Dukansu biyu masu hankali ne, kuma za su kwana suna musu ba tare da ɗaya ya gane abin da ke ƙona ɗayan ba. Wannan bayani bai mai da kowa mara lafiya ba, shi ya sa nake ganin ya fi kusa da gaskiya.

To amma ga inda nake so ka tsaya da kyau. Ɗauki Baffana ka ɗora a ma'aunin malaminku. Ka san shi: ba a kunna kiɗa a gidansa, yaro ba ya gaishe shi a tsaye, zancen canza dokar aure kuwa ko kusa. A Faransa da an ajiye shi can ƙarshen dama. Amma taɓo masa zancen kuɗin makaranta, ko farashin taki, ko abin da ake biyan manomin auduga, ka ji mutumin da ke cewa wajibi ne hukuma ta karɓa daga mai shi ta bai wa mara shi, kuma ayoyi zai jawo maka. Ina za ka zaunar da shi? Ba shi kaɗai ba ne, rabin masallacinmu haka suke. Ariel Malka da abokansa sun duba ƙasashe 99, suka ga a wurare da yawa riƙo da al'ada yana tafiya ne tare da son hukuma ta tallafi talaka. Haɗin da ake gani a Amurka, wato mai riƙon addini shi ne kuma mai son a sakar wa kasuwa mara, ba dokar halitta ba ce. Tarihinsu ne ya ɗaure biyun wuri guda.

Tsallaka iyaka zuwa Najeriya ma ka duba Malam Aminu Kano, jagoran jam'iyyar NEPU da aka kafa a 1950. Ɗan gidan malamai ne, da Alƙur'ani da koyarwar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yaƙi zaluncin masu sarauta, ya kuma tsaya kan karatun mata. Ban ga kujerar da za ta ɗauke shi ba a majalisar Faransa ta 1789, inda aka fara wannan rabon zama, magoya bayan sarki a dama, masu neman juyi a hagu.

Dalilin wannan rashin dacewa ba ɓoyayye ba ne. A 2010 Joseph Henrich da abokansa sun nuna cewa kashi 96 cikin 100 na mutanen da ake gwaji a kansu a manyan mujallun nazarin halayyar ɗan Adam sun fito ne daga ƙasashen da ke da kashi 12 kacal na al'ummar duniya, yawancinsu kuma ɗaliban jami'a. An auna takalmi a ƙafar Bature, ana so ya shiga ƙafar kowa.

Sai batun abin da ke faruwa da mutum. Mutanen Kolofata da Fotokol a nan arewacin Kamaru, tun da Boko Haram ta addabe su daga 2014, ba abin da suke so irin soja da shinge da bincikar baƙo. Ba haka aka haife su ba. Can wajenku ma, garin Hénin-Beaumont na yankin ma'adinan kwal ya yi shekara da shekaru a hannun 'yan hagu, a 2014 ya zaɓi magajin gari daga jam'iyyar Le Pen. Ƙwaƙwalwar mutanen ce ta canza, ko ramukan kwal ne suka rufe, aiki ya tafi, jam'iyyar da suka dogara da ita ta ba su kunya? Mu nan kuwa ka sani, mai shiga jam'iyyar RDPC ko ta UNDP ba ya tambayar hagu ko dama. Tambayarsa wa ke ciki daga namu, kuma wa zai kawo hanya da ruwa.

Ina da saƙo ga malamin naku. Ka tambaye shi cikin ladabi, a binciken da ya kawo muku mutum nawa ne daga Afirka, kuma a wane harshe aka yi musu tambayoyin. Duk amsar da ya bayar ka rubuto mini ita yadda ya faɗa, kada ka gyara masa.

Ka gai da 'yan gida da ke wajen. Takardun da ka ce a karɓo maka suna hannuna, ina jiran mai tafiya Yawunde in ba shi.

Wassalam,
Amininka, daga Garwa