Ba yaran ne suka kashe wasan ba: amsa ga mai cewa kwaɗayi ne

Malam, bayan gaisuwa mai yawa.

Ka jefo mana tambaya a bainar jama'a, kuma da zafinta. Ka ce wasan bidiyon ƙwallon jami'o'in Amurka na kamfanin EA Sports ya ɓace daga kasuwa shekara 11 saboda kwaɗayin wasu tsofaffin 'yan wasa, alhali ko sunansu babu a ciki, lamba ce kawai a bayan riga. Ka ce to da wace hujja kotu ta saurare su? Tunda a fili ka tambaya, a fili za mu amsa.

Gaskiyarka ce, babu suna. Amma duba abin da ke akwai. Sam Keller, wanda ya kai kamfanin ƙara, shi ne mai jefa ƙwallo na jami'ar Arizona State a 2005, a irin ƙwallon Amurkawa da ta fi kama da zari-ruga. A fitowar wasan ta 2005, ɗan wasan da kwamfuta ta zana a gurbinsa lamba 9 ya saka, kamar Keller. Tsawonsu ɗaya, nauyinsu ɗaya, haka launin fata, launin gashi da askinsa, hannun da yake jifa da shi, jihar da ya fito, ajinsa a makaranta, har gilashin da yake maƙalawa a hular kwano. Ba dace aka yi ba. Bayanan shari'ar sun nuna kamfanin kan aika takardun tambayoyi ga masu kula da kayan wasa na kowace ƙungiya don ya san wa ke saka me. Sannan an bar ƙofa a buɗe: mai wasa zai iya sauko da jerin sunayen gaskiya daga intanet ya ɗora, nan take "mai lamba 9" ya koma Sam Keller. A ce maka mai lamba 10 na Super Eagles a gasar Faransa ta 1998, da tsawonsa da salon yankansa, kana buƙatar a rubuta maka Okocha?

Dokar da Keller ya dogara da ita a 2009 ta jihar Kalifoniya ce, mai hana a ci kasuwa da sunan mutum ko kamanninsa ba da izininsa ba. Kalmar "kamanni" ita ce ta rusa hujjarka. EA bai ma tsaya kan rashin suna ba. Kariyarsa ita ce wasan bidiyo aikin fasaha ne, kamar littafi ko fim, kuma gyara na farko a kundin tsarin mulkin Amurka ya kare shi. Wannan kariya ba ta wasa ba ce, don Kotun Ƙoli ta tabbatar a 2011 cewa wasannin bidiyo na cikin abin da 'yancin faɗin albarkacin baki ya rufe.

Ma'aunin da alƙalai suka ɗauko shi ne: mai fasahar ya sauya kamannin ya mai da su wani abu sabo, ko kuwa ɗauko mutumin ya yi ɗungurungum ya ajiye shi yana yin abin da aka san shi da shi? A watan Mayun 2013 kotun ɗaukaka ƙara ta shiyya ta uku ta duba ƙarar Ryan Hart na jami'ar Rutgers ta ce babu sauyin da ya isa. A ƙarshen Yulin shekarar kotun shiyya ta tara ta faɗi haka a ƙarar Keller. Ɗan ƙwallo ne, a filin ƙwallo, yana buga ƙwallo, ina sabon abu? Duka hukuncin biyu alƙalai biyu ne suka rinjayi ɗaya, kuma marasa rinjayen sun kawo maganar da har yau ake jayayya a kanta: me ya sa za a kalli ɗan wasa guda a manta da dukan aikin da aka gina, filaye da taron 'yan kallo da dabarun koci? A ganinmu wannan ƙorafi yana da nauyi, sai dai ya yi rauni a nan saboda abin da EA ke sayarwa shi ne ainihin kamar. Da an jirkita yaran, da cinikin ya ragu.

Wani abin lura: a ranar da Keller ya yi nasara, wannan kotu ta kori ƙarar tsohon gwarzo Jim Brown kan Madden, wasan bidiyon EA na gasar ƙwararru ta NFL. Shi ya bi ta dokar alamar kasuwanci ne, yana cewa an sa jama'a sun zaci ya amince da wasan. Kamfani ɗaya, alƙalai ɗaya, amma ƙofar da aka shiga ta bambanta, sakamako ya bambanta.

Akwai shari'a ta biyu da mutane ke cakuɗawa da ta farko, kuma ita ce ta fi girgiza ƙasa. Ed O'Bannon, wanda ya ci kofin ƙwallon kwando da jami'ar UCLA a 1995, ya ga kansa a wani wasan EA shekaru bayan ya bar makaranta. Ƙararsa ta 2009 ba kan zanen ta tsaya ba. Cewa ya yi hukumar wasannin jami'o'i, NCAA, da makarantunta sun haɗa baki sun tsayar da farashin kamannin ɗalibi a sifiri, kuma wannan ya saɓa wa dokar Sherman ta 1890 mai hana haɗa baki a kasuwa. A lokacin, makaranta na karɓar kuɗin lasisin tambarinta da rigarta da filinta, hukuma na karɓar nata, wanda ke cikin rigar kuma dokar hukumar ta ce in ya karɓi ko sisi ya rasa damar buga wasa. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Nan ne maganarka ta kwaɗayi ta faɗi. Babu kotun da ta hana a fitar da wasan. Shaidar da aka gabatar gaban mai shari'a Claudia Wilken ta nuna EA a shirye yake ya biya 'yan wasa don ya yi amfani da sunayensu na gaskiya, domin hakan zai ƙara masa ciniki. NCAA ce ta ƙi. A Yulin 2013 ta ce ba za ta sabunta lasisinta ba, manyan rukunan jami'o'i suka bi sahu, a Satumba EA ya ce babu fitowar baɗi. Fitowar wasan mai suna NCAA Football 14 ta zama ta ƙarshe. Hanya biyu ce ta rage, a biya yaran ko a rufe shago, sai hukumar ta zaɓi rufewa.

Kuɗin da aka samu ma ba na azo-a-gani ba ne. EA da kamfanin lasisin jami'o'i, CLC, sun sasanta a kan dala miliyan 40, NCAA ta ƙara miliyan 20. Da aka cire kason lauyoyi aka raba wa kusan mutum dubu 25, matsakaicin rabo bai kai dala dubu biyu ba. A Agustan 2014 Wilken ta yanke cewa NCAA ta karya doka, ta ba da damar a riƙa ajiye wa ɗan wasa har dala 5,000 a shekara ya karɓa bayan ya gama. A 2015 kotun ɗaukaka ƙara ta amince an karya doka amma ta soke dala 5,000 ɗin, ta bar cikakken tallafin karatu kawai. A 2016 Kotun Ƙoli ta ƙi sauraron batun.

Sauran labarin da sauri ya tafi. Kalifoniya ta yi dokar barin ɗalibai su ci kuɗin sunansu a 2019, Kotun Ƙoli ta kayar da NCAA da murya ɗaya a shari'ar Alston kan iyakance tallafin karatu a Yunin 2021, ranar 1 ga Yulin shekarar aka sakar wa ɗalibai mara su sayar da sunansu da kamanninsu. Wasan ya dawo a Yulin 2024 da sunan College Football 25, da ƙungiyoyi 134. Duk ɗan wasan da ya sa hannu ya samu dala 600 da kwafin wasan, kuma sama da dubu 11 suka shiga. Wanda ya ƙi, aka sa baƙon zane a gurbinsa, aka kuma toshe hanyar da mai wasa zai ƙirƙire shi da sunansa, wato tsohuwar ƙofar nan ta baya. A fitowar da ta biyo kuɗin ya hau zuwa dala 1,500. Ko ya isa? Muna shakka. Kuɗi ne dunƙule, ba kaso daga ciniki ba, kuma ɗaliban ba su da ƙungiyar ƙwadago da za ta yi musu ciniki irin ta ƙwararrun NFL.

Tunda akwai yaranmu da ke samun gurbin wasa a can, ga inda ake yawan tuntuɓe. Ɗalibin waje da ke riƙe da bizar karatu ta F-1 ba shi da izinin yin aikin kuɗi yadda ya ga dama a cikin Amurka. Ɗaukar hoton talla, saka saƙon talla a Instagram, zuwa taron sa hannu ga masoya, duk ana iya ɗaukarsu aiki, kuma hakan na iya jawo asarar biza. Shi ya sa Oscar Tshiebwe, ɗan Kongo da ya buga wa Kentucky kwando, ya yi ayyukan tallansa lokacin da ƙungiyarsu ta je Bahamas a 2022. Kafin yaro ya taɓa alƙalami, ya kai takardar yarjejeniyar ofishin ɗaliban waje da ofishin kula da bin dokokin wasanni na makarantarsa, ya duba shekara nawa izinin zai yi, ko zai ci gaba bayan ya bar makaranta, ko ya hana shi hulɗa da wani kamfani, da yadda zai janye. Tun sasancin shari'ar House, wata ƙarar da 'yan wasa suka kai NCAA, wanda Wilken ta amince da shi a Yunin 2025, duk cinikin da ya kai dala 600 sai an kai rahotonsa a tantance.

Wassalam.